Hiroshi Ono: Mai zanen da ya raya wasannin na'ura da ɗigo-ɗigo

Miliyoyin mutane a sassa daban-daban na duniya sun san hotunan da Hiroshi Ono ya zana, amma ƙalilan ne suka san sunansa kafin ya mutu a watan Oktoban shekara ta 2021, yana da shekaru 64 da haihuwa.

Ono ɗan ƙasar Japan ne. Ya shafe shekaru 34 yana aiki a kamfanin Namco, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da suka kafa harkar wasannin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Shi ne ya zana da yawa daga cikin siffofin da ake gani a wasannin Galaga da Dig Dug da Xevious da kuma Mappy, waɗanda suka fito tsakanin shekara ta 1981 da ta 1983.

A ƙasarsa an fi saninsa da laƙabin Mr. Dotman, wato mai ɗigo, saboda sana'arsa ita ce jera ƙananan ɗigo masu launi har su zama hoton da ido zai gane. Japanawa suna kiran irin wannan zane dotto-e.

Tarihin aikinsa yana nuna yadda ƙarancin kayan aiki ya haifar da sabuwar sana'ar zane, da kuma yadda aka daɗe ba a ambatar sunayen waɗanda suka yi ta.

Gidajen wasa a Japan

Kafin na'urorin wasa su shiga gidajen jama'a, wanda ke son yin wasa sai ya tafi inda ake ajiye su. Wani babban akwati ne mai ɗauke da fuskar talabijin, da sandar sarrafawa, da maɓallai, da kuma wata kafa da ake jefa tsabar kuɗi. A Japan yen 100 ake jefawa, kuma wasa yana ƙarewa ne da zarar an cinye mai wasan.

Waɗannan wurare suna da kama da abin da matasa ke kira gidan gem a yau, sai dai a wancan lokaci kowane akwati wasa guda ɗaya tak yake ɗauke da shi.

Harkar ta bunƙasa ne a shekara ta 1978, lokacin da kamfanin Taito ya fito da wasan Space Invaders. Injiniya Tomohiro Nishikado ne ya tsara wasan, ya zana siffofinsa, ya rubuta umarnin na'urar, ya kuma harhaɗa na'urar da kansa. Hotunan farko baƙi da fari ne, sai dai a manna leda mai launi a kan gilashin domin a ga kamar akwai launi.

Shi kuwa kamfanin Namco, wani ɗan kasuwa mai suna Masaya Nakamura ne ya kafa shi a shekara ta 1955. Ya fara ne da dawakan wasan yara guda biyu da ya girka a saman rufin wani babban kanti a birnin Yokohama. A shekara ta 1974 ya sayi reshen kamfanin Atari na Amurka da ke Japan, abin da ya buɗe masa ƙofar shiga harkar wasannin talabijin.

A shekara ta 1979 Namco ya fito da Galaxian, wanda yana cikin wasannin farko da siffofinsu ke da launuka da dama na haƙiƙa. Daga nan aikin ya fi ƙarfin injiniya shi kaɗai. Ana bukatar wanda ya san zane, ya kuma san yadda launi ke zama kusa da launi.

A wannan shekara ce aka ɗauki Hiroshi Ono aiki, yana ɗan shekara 22 ko kusa da haka, bayan ya kammala karatun zane a wata makarantar koyon tsara zane-zane da ke birnin Tokyo.

Daga tambari zuwa fuskar talabijin

Ba zanen cikin wasa aka fara ba shi ba. Aikinsa na farko shi ne zana tambarin wasanni da adon da ake yi wa jikin akwatunan, wato abin da zai ja hankalin mai wucewa ya tsaya ya laluba aljihunsa.

Yana cikin waɗanda suka yi aikin zane a wasan Pac-Man, wanda Toru Iwatani ya tsara, aka kuma fara gwada shi a unguwar Shibuya ta birnin Tokyo ranar 22 ga watan Mayun shekara ta 1980. Wasan ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi samun karɓuwa a tarihi, musamman a Amurka.

Sannu a hankali masu tsara wasanni a kamfanin suka riƙa kawo masa aikin siffofin da ke cikin wasan kansa. Babu makarantar da ke koyar da wannan aiki a lokacin, babu kuma littafin da mutum zai duba. Waɗanda suka fara shi su ne suka shimfiɗa ƙa'idojinsa.

Yadda ake zane da ɗigo

Domin fahimtar wahalar aikin, ya kamata a duba irin na'urar da ake yi wa zanen.

Fuskar wasan Pac-Man tana da ɗigo 224 a faɗi, 288 a tsawo, jimilla 64,512 ke nan. Hoto guda da wayar salula ta zamani ke ɗauka yakan ƙunshi ɗigo miliyan 12 ko fiye.

Duk wani abu mai motsi a wasan, ko jirgi ne ko dodo, dole ne ya shiga cikin murabba'i mai ɗigo 16 a tsaye da 16 a kwance, wato ɗigo 256. A cikin wannan ɗan fili ne mai zane zai samar da kai da ido da ƙafa, ya kuma nuna inda siffar ta fuskanta.

Launi ma a ƙayyade yake. Na'urar tana ba kowane ɗigo lamba ɗaya daga cikin lambobi huɗu. Ɗaya daga cikinsu tana nufin babu komai a wurin, domin a riƙa hango abin da ke bayan siffar. Launuka uku ke nan kacal suka rage wa mai zane a kowace siffa.

Sai kuma wurin ajiya. Kowace siffa tana cin bayit 64, bayit kuwa shi ne ma'aunin da ake auna bayanan kwamfuta da shi. Ma'ajiyar da aka ware wa siffofi masu motsi a na'urar Pac-Man bayit 4,096 ce. Idan aka raba, hotuna 64 ne kawai za su shiga. Kuma kowane mataki na motsi hoto ne mai zaman kansa: baki a buɗe hoto ɗaya, baki a rufe wani hoton daban.

Saboda haka masu zane suka koyi tsimi. Na'urar tana iya juya hoto daga dama zuwa hagu ko daga sama zuwa ƙasa, don haka ba a zana abu sau biyu idan juyawa za ta wadatar. Tana kuma iya sauya launukan siffa ba tare da an taɓa zanen ba. Dodannin Pac-Man guda huɗu, ja da ruwan hoda da shuɗi mai haske da ruwan lemo, zane ɗaya ne aka sauya masa launi sau huɗu.

Shi kansa zanen a takarda ake fara shi. Mai zane zai ɗauki takarda mai ƙananan gidaje irin ta darasin lissafi, ya riƙa cike gida-gida da launi. Aikin ya yi kama da na mai ɗinkin hula ko mai saƙar tabarma, wanda ke ƙirga zare ko kaba kafin ado ya fito. Idan aka kuskure gida ɗaya, fuskar siffar gaba ɗaya tana iya karkacewa.

Bayan an gama, sai a mayar da kowane layi zuwa lambobi, a shigar da su cikin ma'ajiyar na'ura, sannan a kunna a gani. Abin da ya yi kyau a takarda ba lallai ne ya yi kyau a gilashi ba. Talabijin irin ta da, mai ƙaton baya, tana sa haske ya ɗan bazu, ɗigo ya narke cikin na kusa da shi. Ƙwararren mai zane yakan yi amfani da wannan bazuwa, ya sa kusurwa ta yi kamar lanƙwasa, ko launuka biyu su haifar da na uku a idon mai kallo.

Ba a kamfanin Namco kaɗai aka fuskanci wannan matsi ba. Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya sha bayyana cewa ƙarancin ɗigo ne ya sa ya yi wa Mario gashin baki da hula a wasan Donkey Kong na shekara ta 1981, domin babu filin zana baki, gashin kai kuma yana da wuyar motsawa.

Galaga

Wasan da ya fi fito da gwanintar Ono shi ne Galaga, wanda Shigeru Yokoyama ya tsara, aka kuma fitar a shekara ta 1981 a matsayin magajin Galaxian.

Mai wasa yana sarrafa wani farin jirgi mai ɗan ja da shuɗi a ƙasan fuskar talabijin. Abokan gaba 40 ne ke shigowa a jere suna shawagi, sannan su yi sahu a sama. Ashirin daga cikinsu suna da kamar ƙudan zuma, 16 kamar malam-buɗe-littafi, sai manyansu guda huɗu da ke can saman sahun.

Muhimmin abu a nan shi ne mai wasa ba shi da lokacin tsayawa ya ƙare wa abu kallo. Cikin ƙiftawar ido yake bukatar sanin wane ne ke gangarowa, da kuma irin haɗarin da ke tattare da shi. Saboda haka kowane jinsi yana da nasa launi da nasa fasali, ta yadda ko da gefen ido aka hango shi za a gane shi.

Launi a wasan yana isar da saƙo. Babban abokin gaba ba ya mutuwa da harbi ɗaya. Idan aka same shi sau ɗaya, sai ya sauya daga kore zuwa shuɗi, alamar cewa saura harbi guda. Yana kuma iya sakin wani haske ya zuƙe jirgin mai wasa, jirgin da aka kama sai ya koma ja ya tsaya tare da abokan gaba. Idan mai wasa ya yi nasarar kuɓutar da shi, jiragen biyu sai su haɗe su riƙa harbi tare.

Duk waɗannan ƙa'idoji babu wani dogon rubutu da ke bayyana su a lokacin wasa. Zanen ne ke koyar da mutum. Wannan yana da muhimmanci ga ɗan kasuwa, domin wanda ya jefa kuɗinsa bai fahimci abin da ke faruwa ba cikin minti ɗaya, da wuya ya sake jefa wani.

Ƙwarin kuma suna juyawa yayin da suke shawagi. Kowace kusurwa sai an zana ta daban, kuma dole siffar ta ci gaba da zama ita ce ko ta karkata. Karkata abu mai ɗigo 16 ba tare da ya wargaje ba yana cikin mafi wahalar ɓangarorin sana'ar.

Dig Dug da Mappy

A shekara ta 1982 aka fitar da Dig Dug, inda wani ɗan ƙaramin mutum cikin fararen kaya yake haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa. Abokan gabansa iri biyu ne: Pooka, wani jan dunƙule mai tabarau, da Fygar, koren dodo mai fesa wuta.

Makaminsa famfon iska ne. Yakan hura abokin gaba ya riƙa kumbura mataki-mataki har ya fashe. Kowane matakin kumburi sai da aka zana shi, kuma tun da siffar tana girma fiye da murabba'in da aka saba, sai an faɗaɗa filin zanen. Idan dodannin suka ratsa cikin ƙasa ba ta rami ba, idanuwansu kaɗai ake gani suna tafiya, dabarar da ta rage aikin zane, ta kuma ƙara wa mai wasa fargaba.

Mappy kuwa, wanda ya fito a shekara ta 1983, labarin wani ɓera ne ɗan sanda da ke shiga gidan kyanwoyi ɓarayi domin ƙwato kayan sata. Kayan sun haɗa da rediyo da talabijin da kwamfuta da akwatin ajiyar kuɗi, har ma da shahararren hoton nan na Mona Lisa, wanda aka matse cikin 'yan ɗigo amma duk da haka ana gane shi.

Waɗannan wasanni biyu sun bi sawun Pac-Man wajen fito da siffofi masu ban dariya da ban sha'awa, maimakon jiragen yaƙi kawai. Iwatani ya sha faɗin cewa ya tsara Pac-Man ne domin jawo mata zuwa gidajen wasa, waɗanda a lokacin maza suka mamaye.

Xevious

Xevious, wanda ya bazu a gidajen wasa a farkon shekara ta 1983, ya sha bamban da waɗanda suka gabace shi. Masanobu Endo ne ya jagoranci tsara shi, Shigeki Toyama ya zana fasalin injinan yaƙin, Ono kuma ya yi aikin mayar da wasu daga cikin siffofin da filayen zuwa ɗigo.

Yawancin wasannin harbi na lokacin a sararin samaniya ake yin su, saboda baƙin fili mai 'yan taurari ba ya cin wurin ajiya. A Xevious kuwa jirgin mai wasa, wanda ake kira Solvalou, yana shawagi ne a kan dazuzzuka da koguna da hanyoyi da hamada. A wani wuri ana wucewa ta kan hoton wani ƙaton tsuntsu da aka zana a ƙasa, irin zanen nan na tarihi da ke hamadar Nazca ta ƙasar Peru.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne kamannin abokan gaba. Maimakon a raba 'yan launukan da ake da su tsakanin ja da kore da rawaya, sai aka kashe akasarinsu a kan matakai daban-daban na ruwan toka, daga mai haske zuwa mai duhu. Ɓangaren da haske ke bugawa a yi shi fari-fari, ɗaya ɓangaren a yi masa inuwa. Sakamakon haka injinan suka fito kamar ƙarfe mai nauyi da kauri, alhali kuwa zane ne a shimfiɗe. Aka kuma ƙara musu wani ɗan jan haske da ke ƙaruwa yana raguwa, wanda shi ma sauya launi ne kawai.

Wasan ya samu gagarumar karɓuwa a Japan, kuma masu tsara wasannin harbi da suka biyo baya sun yi koyi da shi sosai.

Aiki ba suna

Duk da irin kuɗin da waɗannan wasanni suka samar, wanda ya tsaya gaban akwatin Galaga ko Dig Dug sunan kamfani kawai zai gani.

Al'adar masana'antar ke nan a wancan zamani. Kamfanoni suna ɗaukar wasa a matsayin hajar kamfani, kamar firji ko rediyo. Suna kuma fargabar cewa idan aka bayyana sunayen ƙwararrun ma'aikata, abokan hamayya za su zo su janye su da albashi mai tsoka. Shi kansa Iwatani ya ce bai samu wani lada na musamman ba saboda nasarar Pac-Man. Masu sukar wannan tsari suna ganin ya yi daidai da karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wasu ma'aikatan sun nemi hanyar barin alama. A Amurka, Warren Robinett ya ɓoye sunansa a wani ɗaki na sirri cikin wasan Adventure na kamfanin Atari. Endo ma ya ɓoye wani rubutu mai ɗauke da laƙabinsa a cikin Xevious, wanda ba ya fitowa sai an jefa bam a wani keɓaɓɓen wuri.

Daga baya da aka fara rubuta sunayen ma'aikata a ƙarshen wasa, laƙabi aka fi amfani da shi. Akira Yasuda na kamfanin Capcom, wanda ya zana Chun-Li a wasan Street Fighter II na shekara ta 1991, an san shi ne da Akiman. Rieko Kodama, wadda ta shiga kamfanin Sega a shekara ta 1984 a matsayin mai zane, ta riƙa sa hannu da sunan Phoenix Rie. Kazuko Shibuya, wadda ta zana siffofin wasan Final Fantasy na shekara ta 1987, ta daɗe jama'a ba su san rawar da ta taka ba.

Shi Ono, masu karanta mujallar NG da kamfanin Namco ya fara bugawa a shekara ta 1983 sun san laƙabin Mr. Dotman. Amma a wajen Japan, inda aka sayar da dubban akwatunan wasanninsa, kusan babu wanda ya taɓa jin labarinsa.

Wasa ya koma gida

A watan Yulin shekara ta 1983 kamfanin Nintendo ya fito da na'urar Famicom da ake jonawa da talabijin ɗin gida. A shekarar da ta biyo baya Namco ya zama ɗaya daga cikin kamfanonin waje na farko da suka yi mata wasanni, inda ya mayar da Galaxian da Pac-Man da Xevious da Mappy zuwa cikinta. An sayar da kwafin Xevious na gida sama da miliyan ɗaya.

Wannan ma aiki ne na masu zane. Na'urar gida ba ta kai ta gidan wasa ƙarfi ba. Bugu da ƙari, a akwatunan irin su Galaga a tsaye ake girka gilashin, tsawonsa ya fi faɗinsa, alhali talabijin ɗin gida a kwance take. Dole aka sake tsara fili, aka rage launi, aka kuma yi ƙoƙarin kada wasan ya rasa kamanninsa. Daga baya Ono ya koma sashen da ke kula da wasannin gida.

Babban sauyi ya zo ne da hotuna masu zurfi, waɗanda kwamfuta ke lissafawa daga kowace kusurwa. Namco ya fito da wasan tseren mota na Winning Run a shekara ta 1988, sai Ridge Racer a 1993, sai Tekken a 1994. A watan Disamban 1994 kamfanin Sony ya fito da PlayStation. Sabuwar fasahar ba ta bukatar a jera ɗigo da hannu, kuma manyan kamfanoni suka karkata ga masu wani irin ilimin daban.

A lokacin mutane da dama sun ɗauka zanen ɗigo ya zama tarihi.

Wayar salula ta dawo da sana'ar

Sai dai a watan Fabrairun shekara ta 1999 kamfanin sadarwa na NTT DoCoMo ya ƙaddamar da tsarin i-mode, wanda ya ba wayoyin salula a Japan damar shiga intanet. Ba da jimawa ba aka fara sayar da hotuna da ƙananan wasanni ta waya.

Fuskar wayoyin wancan lokaci ƙarama ce ƙwarai, launukanta kaɗan ne, wurin ajiyarta kuma bai taka kara ya karya ba. Matsalolin da aka sha fama da su a shekara ta 1980 ne suka dawo a cikin tafin hannu. Ono ya koma sashen wasannin wayar salula na kamfanin, inda ƙwarewar da ya tara tun zamanin takarda mai gidaje ta sake yin amfani.

A shekara ta 2005 Namco ya haɗe da kamfanin kayan wasan yara na Bandai. Ono ya ci gaba da aiki har zuwa shekara ta 2013, lokacin da ya bar kamfanin ya koma cin gashin kansa. Ya ci gaba da yin zane da sunan Mr. Dotman, yana kuma halartar taruka inda yake koya wa yara da manya yadda ake jera ɗigo.

A daidai wannan lokaci ne ƙananan masu shirya wasanni suka sake rungumar salon, wannan karon bisa zaɓin kansu. Wasanni irin su Cave Story na shekara ta 2004, da Undertale na 2015, da Stardew Valley na 2016, duk da zanen ɗigo aka yi su, kuma kusan kowannensu aikin mutum ɗaya ne. Salon yana da sauƙin kuɗi, kuma mutum guda zai iya yin sa a ɗakinsa.

Abin da ya rage

A yau ana kallon waɗannan wasanni a matsayin wani ɓangare na tarihin zane-zane. A watan Nuwamban shekara ta 2012 gidan adana zane-zanen zamani na birnin New York, wanda aka fi sani da MoMA, ya sanar da shigar da wasanni 14 cikin kayan da yake adanawa, ciki har da Pac-Man.

Gidajen wasan da suka haifi sana'ar kuwa suna ta raguwa. Alƙaluman 'yan sandan Japan sun nuna cewa akwai irin waɗannan wurare sama da 26,000 a shekara ta 1986, amma zuwa shekara ta 2019 ba su fi kimanin 4,000 ba. Annobar korona ta ƙara dagula lamarin, kuma a farkon shekara ta 2022 kamfanin Sega ya kammala sayar da hannun jarinsa a harkar gudanar da gidajen wasa.

Akwai kuma batun adana kayan tarihin. Na'urorin suna lalacewa, ba a ƙera irin tsohuwar talabijin ɗin da aka yi zanen dominta, takardun zane kuma ba kowane kamfani ne ya ɗauke su da daraja ba. Idan aka nuna hotunan a fuskar zamani, ɗigon yakan fito da kaifi fiye da yadda masu zanen suka nufa. Wata ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a Tokyo a shekara ta 2011, mai suna Game Preservation Society, tana cikin masu ƙoƙarin ceto tsofaffin wasannin Japan kafin su salwanta.

Mutanen da suka san yadda aka yi aikin su ma suna tafiya. Masaya Nakamura ya mutu a watan Janairun shekara ta 2017 yana da shekaru 91. Rieko Kodama ta mutu a shekara ta 2022.

Hiroshi Ono ya mutu ranar 16 ga watan Oktoban shekara ta 2021, bayan ya yi fama da ciwon hanta. A wannan shekara masoya ayyukansa sun tara kuɗi domin a shirya fim a kan rayuwarsa da sana'arsa.

Har yanzu ana sayar da Galaga da Dig Dug da Xevious da Mappy a kan na'urorin zamani, cikin jerin tsofaffin wasanni irin su Namco Museum, wanda aka fara fitarwa a shekara ta 1995. Siffofin da ke cikinsu su ne dai waɗanda aka ƙirga gida-gida fiye da shekaru 40 da suka wuce.